Bakwai Muka Binne

Ran da jirgin Nomau ya kife a gulbi,
ba mu gama wanke gawa ta uku ba
farar mota ta tsaya ƙofar masallaci.
Yaro ya fito, baƙin gilashi a ido,
ba sallama, ba "ya haƙuri",
sai "Mutum nawa? Ku ba ni adadi."
Muka ce bakwai.
Da daddare rediyo ya ce arba'in.

Ige ta shiga takaba,
ta ja mayafi, ta ba duniya baya.
Ya ce, "Inna, ɗan ɗago fuska, haske bai isa ba."
Ni Sahabi, shekara talatin ina riƙe da alli a ƙasar Gummi,
ban taɓa ji an ce wa hawaye su gyara zama ba
sai ran nan.
Washegari fuskarta na yawo a wayoyi,
tsakanin tallan man bilicin da tallan caca.

A zauren Malam Anaruwa aka karantar da mu:
in labari ya zo maka, tsaya ka bincika,
kada ka jefi bayin Allah cikin duhu
ka wayi gari kana cizon yatsa.
Tasu makarantar ta ce
wanda ya riga faɗa shi ne mai gaskiya.
Gyara kuwa, in ya ga dama ya zo,
yana can gindin shafi na sha tara,
ƙanana kamar kashin ƙuda.

Bara da kuɗin albasa muka haƙa rijiya.
Matan unguwa suka zuba adashi
suka rufa ajin da iska ta yaye.
Mande ya zaunar da makiyaya da manoma gindin tsamiya,
aka biya ɓarna, aka sha fura ƙwarya ɗaya.
Na rubuta da hannuna, na aika gidan jarida.
Aka ce wannan ba labari ba ne.
To.

Wani masani da bai taɓa kurɓar ruwan gulbinmu ba
ya zauna ɗakin sanyi a Abuja
yana fassara mu cikin minti biyu.
Kunyar ɗiyanmu ya kira danniya,
gaida babba a durƙushe ya kira ci baya,
sunan garinmu ma sai da ya karya masa ƙafa.
In an miƙa ambulan bayan taro,
hanyar da ba a taɓa ba sai ta zama kwalta
a labaran ƙarfe takwas.
Jiya na bi ta a babur.
Ƙuguna ne shaida.

Ba na ce a ɓoye ɓarna ba.
An sace mana shanu, an sace mana mutane, a faɗa.
Amma mai wankan gawa ma yana rufa mata zane.

Shekaranjiya Kuluwa, jikata,
ta kawo min tuwo, ta tsaya tana murza yatsu.
Wai aikin jarida take son karanta a Gusau.
Na daɗe ina kallon miya.
Sannan na buɗe akwati
na ɗauko jan biron da nake maki da shi.
Na ce, in kin je gidan makoki, cire takalmi.
Yi gaisuwa kafin tambaya.
Ƙirga sau biyu.
In bakwai ne, ce bakwai,
kuma ki sani kowannensu an yanka masa rago:
Nomau, Shibkau, Tumba da goyonta,
Bawa mai gishiri, Ɗan'ige,
da wani baƙo daga Bukkuyum
da har yau ba mu san uwarsa ba.

Ta karɓa da hannu biyu.

Asuba na yi, ga hannuna kan rediyo,
ina murɗawa, ina tsaki,
ina saurare.